Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Kima

A ƙarshen zangon karatu na bara, malaminmu na darasin al'adu ya ɗora wa kowane ɗalibi aikin da zai yi a lokacin dogon hutu. Ya ce kowa ya koma garinsu, ya zaɓi ɗaya daga cikin sana'o'in gargajiya, ya zauna da masu ita, ya tattaro kalmominta da sunayen kayan aikinta, ya kawo a rubuce. Nan da nan 'yan ajinmu suka yi wa ƙira da jima da rini da dukanci rubdugu. Da aka zo kaina sai na ce sassaƙa, ba don wata ƙauna da nake yi mata ba, sai don na san akwai tsohon masassaƙi a gidanmu, ba sai na sha rana ina neman wanda zan tambaya ba. Ashe wannan ragwanci nawa shi zai kai ni inda ban taɓa zato ba, har in wayi gari ina raba dare a kan zanen jiragen ruwan da aka ƙera a Amurka da Ingila tun kafin a haifi kakana. Abin da na gani a wannan tafiya shi nake so in ɗan gutsura wa mai karatu.

Ni mutumin ƙasar Roni ne, cikin masarautar Kazaure. Duk wanda ya san yankinmu, tun daga Gwiwa har ya dangana da Babura, ya san ba ƙasar ruwa ba ce. Duwatsu ne da tudu da jigawa. Ruwan da muke taƙama da shi shi ne kogin Gari, wanda kan cika ya tumbatsa da damina, sai kuma madatsun ruwa da aka giggina daga baya, irin su na Gari da na Muhammadu Ayuba a Kazaure. Saboda haka masassaƙinmu turmi ya sani, da taɓarya, da akushi, da ƙota, da kujerar mata, da allon almajirai. Kakana na wajen uwa ne kaɗai ya fita zakka a ƙauyenmu. Yana saurayi ya tafi ci-rani ƙasar Yawuri, ya shekara wajen bakwai cikin Sarkawa a bakin kogin Kwara, bai dawo ba sai da aka kammala madatsar Kainji a 1968. A can ya koyi sassaƙar jirgi. Bayan dawowarsa ya sassaƙa uku, ya yi fito da su shekaru masu yawa, yana ƙetarar da 'yan kasuwa da damina, har zuwa lokacin da aka yi gada sana'ar ta mutu.

Biyu daga cikin jiragen nan sun daɗe da zama makamashi. Na ukun yana nan a bayan gida, gindin wata tsamiya, ana zuba wa shanu dusa a ciki. Tun ina yaro nake ganinsa, ban taɓa ɗaukarsa jirgi ba, domin kowa komi yake ce masa, ni kuwa a sanina komi abin cin dabbobi ne, ko kuwa fangalin lambu. Sai a wannan hutu na gane kalmar tana ɗauke da ma'ana ta uku, watau ƙaramin jirgin da aka fafe daga itace guda, kuma siffa ɗaya ce ta haɗa ukun.

Na sami tsohon da hantsi a zaure, na gaishe shi, na fito da littafina da alƙalami. Idonsa ya yi yana, ba ya gani sai dishi-dishi, amma ya ji motsin takarda. Ya ce, "Kai ɗan boko, yau kuma haraji ka zo rubutawa, ko matata ka zo ƙwacewa?" Na ce, "Tsoho, matar nan ai ta daɗe da zaɓena, kai ne ba ka da labari. Sunayen kayan aikinka na zo nema." Ya yi dariya, ya lissafa mini gatari, da gizago babba da ƙarami, da kurfi, da mayarni. Ya ce maɗaci ya fi kowane itace daɗin jirgi, kawo ya fi shi ƙarko amma ya cika nauyi, rimi kuwa sauƙin sara gare shi, sai dai ba ya shekara huɗu bai ruɓe ba. Duk na rubuta. Sa'an nan na tambaye shi ma'aunin da yake bi: tsawo nawa, faɗi nawa, kaurin ciki nawa? Ya yi shiru, can ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Itacen ne ke gaya maka jirgin da ke cikinsa." Na rubuta karin maganar na rufe littafi, ina cewa a raina tsohon ya kauce wa tambaya. Na kai aikina, aka ba ni maki mai kyau, na ɗauka magana ta ƙare.

Wata rana da dare, a ɗakin karatu na jami'a, wani abokina ɗan tsangayar injiniya ya buɗe kwamfuta yana duba wani tsohon zane a intanet. Na leƙa na ga layuka sirara masu lanƙwasa, sun jeru kamar kunyoyin gona da aka hango daga kan dutse, ga lambobi ƙanana an rubuta da hannu a gefe. Ya ce mini zanen jikin jirgin ruwa ne, irin wanda iska ke turawa da ƙyalle, wanda attajiran Turai da Amurka suke tsere da shi a farkon ƙarni na 20. Ya ƙara da cewa jirgin kansa an daɗe da farfasa shi, amma da wannan takarda kaɗai ana iya sake ƙera shi gobe, ba tare da an kuskure ko da inci guda ba. Wannan magana ita ta tsaya mini a rai, domin nan take na tuna da komin bayan gidanmu. Na roƙe shi ya koya mini karanta zanen.

Ga yadda abin yake. Jikin jirgi ba shi da miƙaƙƙen layi, ko'ina lanƙwasa ne, takarda kuwa shimfiɗe take. Dabarar da magina jirgi suka yi ita ce su yanka jirgin a cikin tunaninsu ta fuska uku, kamar mai yankan doya. Da farko a yanka shi a gicciye, ƙwai-ƙwai, daga goshi zuwa ƙeya, a zana siffar kowane yanka, a ɗora su kan juna. Na biyu a fere shi a kwance, falle-falle, daga ƙasa zuwa sama. Kowane falle yana nuna inda ruwa zai kewaye jirgin idan ya nutse zuwa wannan matsayi. Na uku a tsaga shi a tsaye bisa tsawonsa. Da yake dama da hagu daidai suke, rabin jirgi kawai ake zanawa. Duk ɗigon da ke cikin zane ɗaya dole ya yarda da takwaransa a sauran biyun. In ya saɓa, to, akwai ƙusumbi ko loɓa a jikin jirgin. Daga nan sai a auna nisan kowane ɗigo a jera cikin jadawali, a kai wa kafintoci, su sake zana jirgin a daɓen wani babban ɗaki daidai da girmansa na ainihi, su yanke haƙarƙarinsa a kai. Wannan ilimi ya daɗe. Tun a 1768 wani magini a ƙasar Suwidin, Fredrik af Chapman, ya buga babban kundi na irin waɗannan zane-zane.

Amfanin zanen bai tsaya ga siffa ba. Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, Arkimidis Bagirike ya gano cewa abin da ke yawo bisa ruwa yakan nutse ne har sai ruwan da ya ture ya kai nauyinsa. Lita guda ta ruwan daɗi kuwa kilo guda ce. Ke nan wanda ya san girman sashen jirgi da ke ƙarƙashin wani layi, ya san nauyin da zai kai jirgin ga wannan layi, tun ba a sare itace ko ɗaya ba. Jirgin ƙyalle yana da wata matsala ta daban: iska tana tura dogon turkensa daga sama, tana neman kifar da shi. Maganinta shi ne a ɗaura darma mai nauyi a can ƙasan ƙashin bayansa, cikin ruwa. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa da jigo a lambu ya san wannan hikima, domin curin yumɓun da ke gindin jigo shi ke rinjayar guga. Aikin mai zane shi ne ya daidaita ƙyalle da darma da faɗin jirgi, kada ɗaya ya fi ƙarfin sauran.

A cikin masu wannan sana'a babu wanda labarinsa ya kama ni kamar Nathanael Herreshoff, mutumin garin Bristol a jihar Rhode Island ta Amurka, wanda ya rayu daga 1848 zuwa 1938. A 1878 ya haɗa gwiwa da wansa John suka kafa masana'antar jiragen ruwa. Wan nan nasa ya makance tun yana ɗan saurayi, amma da tafin hannu yake shafa siffar jirgi ya faɗi aibinta. Nathanael shi ya tsara jiragen da suka kare wa Amurka kofin tseren da ake kira Kofin Amurka har sau shida, tsakanin 1893 da 1920. Mafi girmansu shi ne Reliance na 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris. Tsawon jikinsa ƙafa 143, amma abin da ke taɓa ruwa bai cika ƙafa 90 ba. Ƙyallensa ya haura murabba'in ƙafa 16,000, ma'aikatansa 64, fatar jikinsa kuwa ta tagulla ce. Abokin karawarsa shi ne Shamrock na uku, wanda William Fife na ƙasar Sikotilan ya tsara wa Sir Thomas Lipton, mai ganyen shayin nan da muke sha a teburin mai shayi. Reliance ya cinye shi sau uku a jere. Lipton ya nemi kofin sau biyar daga 1899 zuwa 1930, bai taɓa ɗauka ba.

Mai karatu zai yi mamakin dalilin da ya sa fiye da ƙafa 50 na jirgin suke lilo a sama da ruwa. Dokar tseren ce ta jawo. A lokacin tsawon da ke taɓa ruwa ake aunawa, alhali jirgi yana tsaye cak, tare da faɗin ƙyalle. Jirgi kuwa gwargwadon tsawonsa a ruwa gwargwadon gudun da zai iya yi. Sai masu zane suka yi wa dokar wayo: suka miƙar da goshi da ƙeya, ta yadda da zarar iska ta karkata jirgin, sai sassan nan su kwanta cikin ruwa, tsawonsa ya ƙaru ba tare da ma'auni ya kama shi ba. Sakamakon haka aka sami jirage masu gudu amma marasa ƙarko, masu hatsari, waɗanda ba su da wani amfani in tsere ya wuce. Reliance bai sake tsere ba bayan shekarar da aka ƙera shi, kuma a 1913 aka farfasa shi aka sayar da ƙarafan. Herreshoff da kansa ya tsara sabuwar doka wadda ta shigar da nauyin jirgi cikin lissafi, aka karɓe ta a Amurka a 1903, ƙasashen Turai kuma suka yi tasu a 1907.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne yadda mutumin nan yake aikinsa. Ba da alƙalami yake fara fitar da siffar jirgi ba. Guntun katako yake ɗauka ya shiga ɗaki, ya yi ta sassaƙa da kankara, yana dubawa yana shafawa, har rabin jirgi ɗan ƙarami ya fito yadda ransa yake so. Watau shi ma masassaƙi ne, ido da hannu ne mudunsa, kamar kakana. Sai bayan ya gama ne yake ɗora gunkin a kan wata na'urar awo da ya ƙirƙira, ya karanta lambobi, a rubuta cikin ƙananan littattafai, a miƙa wa masu zane da kafintoci. Masana'antar ta rufe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma zane-zanenta fiye da 13,000 suna ajiye a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, gumakan katakon kuma suna gidan tarihi a Bristol. Ga misalin amfanin ajiyar: jirginsa Westward na 1910 an nutsar da shi da gangan a tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa a 1947, bisa wasiyyar mai shi, amma a shekarar 2000 aka ƙera tagwaininsa a ƙasar Holan daga zanen asali, aka sa masa suna Eleonora.

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da kayan wasan attajiran Turawa, mu da ko teku ba mu da ita? Ni ma na yi wa kaina wannan tambaya, sai tarihi ya ba ni amsa. Jiragen da aka zana a takarda sun zo ƙasarmu, kuma ba wasa ya kawo su ba. A 1850 ayarin Richardson da Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da Overweg ya taso daga Tarabulus ɗauke da jirgin da aka ƙera a tsibirin Malta. An raba shi huɗu, raƙuma suka ƙetaro da shi Sahara, aka harhaɗa shi a Barno, aka sa masa suna Lord Palmerston. A 1851 Overweg ya shiga da shi Tafkin Chadi ya kewaya tsibiran Buduma, a shekarar da jirgin nan mai suna America ya ci kofin da daga baya ya ɗauki sunansa. Overweg ɗin nan shi ya fanshi Dorugu, yaron ƙasar Damagaram, wanda ya ƙetare teku zuwa Ingila tare da Barth a 1855, ya kuma ba Schön labarin rayuwarsa da Hausa, labarin da muke karantawa a wannan sashe har yau.

A 1904 kuma, shekara guda bayan Reliance, Boyd Alexander da ƙanensa Claud da Kyaftin Gosling suka iso da jirage biyu na ƙarfe da aka ƙera a Ingila, kowanne tsawon ƙafa 26, an yi su gunduwa-gunduwa don a kwance a ɗaura. Suka bi Binuwai daga Lakwaja zuwa Ibi, jiragen suka haura Gongola, inda ruwa ya ƙare kuwa 'yan dakon ƙasar nan suka ɗora ƙarafan a ka, har aka kai su Komadugu Yobe, kogin da ke kwasar ruwan ƙasar Kano da Jigawa ta hanyar kogin Haɗeja ya kai Tafkin Chadi. Claud ya mutu a Barno a 1904, Gosling ya mutu a ƙasar Kwango a 1906, Boyd ya isa kogin Nilu a ƙarshen wannan shekara. Abin lura a nan shi ne, wanda ya zana jiragen bai bukaci ganin Gongola ba. Yana zaune a teburinsa ya ƙayyade zurfin da za su nutse, da nauyin kowace gunduwa, da yawan wuyan da zai ɗauke ta. Takarda ce ta ba shi ikon yin aiki a ƙasar da bai taka ba.

Kada kuma a ɗauka mu baƙin jirgi ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace a zurfin mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, sai ga jirgi na dangin maɗaci, tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kamar rabin mita, goshi da ƙeya a fiƙe. Gwajin kimiyya ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, shi ne jirgi mafi daɗewa da aka samu a Afirka, yana kuma cikin mafiya daɗewa a duniya. Kyan sassaƙarsa ya nuna mai shi ba ɗan koyo ba ne, gado ya yi. To, laka ce ta adana mana wannan, bisa ikon Allah. Sauran dubban da aka sassaƙa tsakaninsa da komin kakana fa? Gara ta cinye, ilimin kuma yana tafiya daga hannu zuwa hannu, duk inda hannu ɗaya ya yanke sai ya zube.

Da a ce asarar ta tsaya ga tarihi, da da sauƙi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin fito ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, nan maƙwabtanmu a jihar Kano, mutane fiye da 20 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A watan Mayu na wannan shekarar an yi wanda ya fi shi muni a kogin Kwara, wajen Wara ta jihar Kebbi. Allah ya jiƙansu. Kusan duk lokacin da aka yi irin wannan hatsari, maganar da ke fitowa ita ce lodi ya yi yawa. Jiragen yanzu na katako ne da ƙusa, kafinta ke haɗawa, a ɗaura musu inji, su ɗebi ninkin abin da komi ke ɗiba. Ingila ma ta sha wannan masifa, sai da wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi ta fafutuka har aka yi doka a 1876 cewa a shata alama a jikin jirgin kaya, wadda ke nuna iyakar nutsewarsa. Alamar nan 'yar zanen takarda ce, domin daga lissafin jikin jirgi ake fitar da ita.

Da hutun tsakiyar shekara ya zo, na koma gida da tef ɗin tela da igiya da kwali. Ni da wani ɗan kawuna muka kwashe dusa, muka wanke komin, muka ɗora shi kan duwatsu ya daidaita. Muka ja igiya daga goshi zuwa ƙeya, tsawon ya kama mita 5. Muka raba shi gida goma, a kowane gida muka lanƙwasa waya a jikinsa muka kwafe siffar a kwali. Kwana uku muna yi, yara suna kallo, mata suna cewa boko ya taɓa ni. A rana ta uku aka jawo tsohon da sandarsa. Ya durƙusa, ya bi jikin jirgin da tafin hannu tun daga goshi, yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa yana kasa kunne. Ya ce da amon nan ake sanin kauri lokacin fafewa: in ya yi kamar tulu cike, da saura, in ya yi kamar ƙwarya, ka kusa hudawa. Ya ce gindin itace ake mayarwa ƙeya, don ya fi nauyi, goshi ya sami ɗagawa.

Can hannunsa ya tsaya a wani wuri, kamar taƙi guda ƙasa da baki. Ya ce, "Ɗan boko, ka sa wannan a takardarka?" Na duba na ga wata 'yar tsaga a kwance, tsawon ɗan yatsa, wadda na ɗauka ƙahon sa ne ya karce. Akwai irinta a ɗaya gefen, daidai wa daida. Ya ce, "Ranar da na fara sa shi a ruwa na yi ta loda duwatsu ina girgiza shi, har na ji inda ya fara yi mini gardama, na sa gizago na tsaga. Maigidana na Yawuri haka ya koya mini. In ruwa ya taɓa nan, ko uwarka ce a bakin gaɓa, sai ta jira dawowa." Na tambaye shi mutum nawa ke kai shi nan. Ya ce, "Manya shida har da ni, in ramammu ne. In akwai Sarkin Fawa a ciki, biyar. In hatsi ne, buhu uku."

Jikina ya yi sanyi. Da na koma makaranta na kai wa abokina kwalayen, muka fitar da zanen nan na fuska uku, muka lissafa. Sashen da ke ƙarƙashin tsagar ya tashi wajen lita 550. Muka ƙiyasta nauyin itacen kansa a kan kilo 200, saura 350. A raba wa mutum shida, kowa ya tashi kusan kilo 58. Buhu uku na kilo ɗari-ɗari da matuƙi kuwa kusan jimlar ke nan. Abin da muka kwana biyu muna bugawa a na'ura, tsohon ya tsaga shi da gizago shekara 50 da suka wuce. Ashe ranar farko bai kauce wa tambayata ba. Ni ne na tambayi lamba, shi kuwa ya ajiye amsar a jikin itace, inda ni mai ido na wuce ta, shi mai yana ya lalubo ta.

Ban fito daga wannan al'amari da ra'ayin cewa takarda ta fi hannu ba, ban kuma ce hannu ya wadatar ba. Zanena bai ɗauki amon ƙwanƙwasa ba, kuma da tsohon bai zo ba, da na zana jirgi babu tsagarsa, watau na bar abin da ya fi komai muhimmanci. Amma kuma a ƙauyenmu yau babu saurayi ɗaya da ya iya fafe jirgi, manyan maɗatai sun ƙare a dajinmu, ranar da Allah ya karɓi ran tsohon nan tsagar za ta koma karcen ƙaho a idon kowa. Bambancin Herreshoff da kakana shi ne, ɗaya ya sami masu awo da masu rubutu da masu ajiya a bayansa, ɗayan kuwa jikansa da ya yi boko sai da ya shekara 25 kafin ya durƙusa gaban kominsa.

Na kai kwafin zanen wurin wani mai fito a ɗaya daga cikin madatsunmu, na ba shi shawara ya shata jan layi a jirginsa. Ya saurare ni da ladabi, sa'an nan ya ce, "Malam, in na bi layinka, kuɗin mai ma ba zai fita ba. Kuma wa zai tsaya ya jira dawowa ranar kasuwa?" Ban sami abin ce masa ba, domin gaskiya ya faɗa: layi ba ya aiki sai da hukuma mai tsare shi, da fasinja mai yarda a bar shi a gaɓa. Duk da haka ya karɓi takardar ya ninke ya sa aljihu, ya ce zai nuna wa kafintan da ke yi masa gyara.

Kirana ga 'yan'uwana ɗaliban wannan sashe shi ne, idan aka tura mu tattaro kalmomin sana'a, kada mu tsaya ga jerin sunaye kamar yadda na yi da farko, har aka ba ni makin da ban cancanta ba. Mu tafi da abin awo tare da alƙalami. Mu auna masaƙa da zuga-zugi da tukunyar baba da bakan gizo na soro, mu zana, mu tambayi mai abin dalilin kowace tsaga da kowane ƙulli, mu rubuta bayanin da Hausa, mu ajiye a inda na baya za su samu. Kalmar da aka raba ta da aikinta fanko ce.

Kwafi na ƙarshe na kai wa tsohon. Ya shafa takardar sama da ƙasa, ya ce shi bai ji jirgi a nan ba, santsi kawai yake ji. Na kama yatsansa na ɗora a kan ɗan jan layin da na shata, na ce ga tsagarsa nan. Ya ce, "To, madalla. Sa mini a gafaka, kada matarka ta kunna wuta da ita." Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.